Ƙara max_connections, matse taskar manhaja, ko sa PgBouncer: wanne za ka zaɓa idan rumbun bayanai ya cika?

Saƙon da PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, ke jefowa idan ya cika gajere ne: `FATAL: sorry, too many clients already`, wato haɗin da manhajoji suka buɗe da shi ya kai iyaka. Kuma ba ya zuwa sai ranar da aka fi buƙatar shafin, ranar rufe rajista ko ƙarshen wata da albashi ya shiga, kowa na son biyan kuɗi a lokaci guda. Wanda ke riƙe da sabar yana da hanyoyi uku a gabansa. Ko ya ƙara yawan haɗin da rumbun zai karɓa, ko ya matse taskar haɗin da ke cikin manhajarsa, wato tarin haɗin da take buɗewa ta ajiye, ko ya sa wani mai tsaron ƙofa irin PgBouncer tsakanin manhaja da rumbu. Ta farkon ce hannu ke fara kaiwa gare ta, ita ce kuma ta fi jawo da-na-sani. Sauran biyun kowacce da inda take haskawa da inda take cizo. Ra'ayina tun daga farko shi ne: idan dole a yi layi, to a yi shi a wajen rumbun. Abin da ya rage a tantance shi ne wa zai riƙe layin.

Dalilin yana cikin yadda aka gina PostgreSQL. Duk haɗin da ya shigo, sai babban firoses ɗinsa (firoses shi ne shirin da ke gudu a cikin kwamfuta) ya haifi wani sabon firoses na musamman dominsa, da nasa kason RAM. Shi ya sa adadin da yake zuwa da shi, `max_connections`, 100 ne kawai, kuma 3 daga ciki an keɓe su ga babban mai kula. Sai dai iyakar gaskiya tana wani wuri: yawan kor ɗin CPU, wato sassansa masu yin lissafi, da saurin diski. Sabar mai kor 8 tambaya 8 take iya sarrafawa a lokaci guda a haƙiƙa. Idan ka ba ta tambaya 400 masu neman aiki, za ta riƙa tsalle daga wannan zuwa waccan, tana ɓata lokaci wajen sauyin, su kuma suna rububin kulle iri ɗaya, wato riƙon da tambaya ke yi wa bayani don kada wata ta taɓa shi. Ka ɗauki injin markaɗe: kwanuka ashirin a jere a ƙasa, mai injin yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya, kowa zai samu nasa da wuri. Idan masu kwanukan suka taru a bakin injin kowa na cusa nasa tattasai, injin bai ƙara gudu ba, sai ma ya shaƙe.

Akwai wani gwaji da ƙungiyar Oracle mai nazarin aiki a zahiri ta nuna, wanda masu HikariCP, taskar haɗi ta manhajojin Java, ke yawan kafa hujja da shi. Sun rage haɗi daga 2048 zuwa 96 ba tare da taɓa komai ba, lokacin amsa ya sauko daga kusan milisakan 100 zuwa kusan 2. Rumbun Oracle ne, amma darasin ya shafi kowane rumbu.

Hanya ta farko: buɗe ƙofa

Ba na cewa ƙara `max_connections` haramun ne. Idan kana da manhajoji biyar kowacce da taskarta ta haɗi 25, jimla 125, kuma mafi yawansu a zaune suke ba sa komai, ɗaga adadin zuwa 200 gyara ne mai ma'ana. Haɗin da ke zaune ba ya cin CPU, 'yan megabait na RAM yake riƙewa, kuma tun daga PostgreSQL 14 na 2021, bayan aikin da Andres Freund ya yi kan yadda rumbun ke lissafin wanda ke ganin me, tarin haɗi marasa aiki ba ya jan ƙafar masu aiki kamar da. Ka dai sani sai ka sake tayar da rumbun kafin sabon adadin ya fara aiki, abin da ba ka so ka yi a tsakiyar cunkoso.

Matsalar tana bayyana ranar da waɗannan na zaune suka tashi gaba ɗaya. Wata tambaya ta yi nauyi, sauran suka taru a bayanta, manhajoji suka ga ana jira suka buɗe ƙarin haɗi, rumbun kuma ya karɓa tunda ka ba shi izini. Yanzu 300 ne ke aiki a kan kor 8. Ga kuma `work_mem`, wanda mutane da yawa ke ɗauka kason RAM ne na kowane haɗi, alhali na kowane aikin jerawa ko haɗa tebur ne a cikin tambaya. Asalinsa 4MB ne, amma da wuya ka ga wanda bai ɗaga shi ba. Ka ce ka mai da shi 32MB: haɗi 300, kowanne da irin wannan aiki biyu, ya haura 19GB. Idan RAM ya ƙare Linux ya kashe firoses ɗaya na PostgreSQL, rumbun ba ya barin sauran su ci gaba. Yana yanke kowa da kowa, ya sake tashi ya duba lafiyar bayanansa. Kuskuren da da zai samu mutum goma ya koma ya samu duk masu amfani da shafin.

Saboda haka iyakar 100 ɗin nan tana yin wani aiki da ba a gode mata: tana hana rumbun karɓar abin da zai kashe shi.

Hanya ta biyu: ƙaramar taska a cikin manhaja

Taskar haɗi ita ce manhaja ta buɗe wasu haɗi ta ajiye, duk buƙatar da ta zo ta ari ɗaya, ta gama ta mayar. Idan babu na aro, sai ta jira. Wannan jiran shi ne layin da nake magana, kuma yana da arha ƙwarai, don zaren da ke jira a cikin manhaja ba ya cin komai a rumbu.

To haɗi nawa? Akwai lissafin da ya daɗe yana yawo daga shafin bayanai na PostgreSQL: ka ninka yawan kor sau biyu, ka ƙara yawan diskin da ke juyawa. Sabar mai kor 8 da diski ɗaya ta ba ka 17. An yi lissafin ne a zamanin diski mai juyawa, lokacin da tambaya kan daɗe tana jiran allura ta kai wurin bayani, CPU kuma ya samu sarari ya yi wa wata aiki. Da SSD jiran ya ragu, don haka adadin da ya dace yakan matso kusa da yawan kor. Mutane na zaton diski mai sauri yana nufin a ƙara haɗi, alhali akasin haka ne. Ka ɗauki lissafin a matsayin wurin farawa kawai.

Na fi amincewa da wani lissafin, dokar da John Little ya tabbatar a 1961: yawan abin da ke cikin tsari daidai yake da yawan masu shigowa a sakan, a ninka da tsawon zaman kowanne. Idan buƙata 800 ke zuwa a sakan, kowacce tana riƙe haɗi na milisakan 10, haɗi 8 ne ke aiki a matsakaici. Takwas, ga buƙata ɗari takwas a sakan. Ka ninka sau biyu saboda lokacin da abu ya yi tsalle, ka samu 16. Kyan wannan lissafin shi ne yana nuna maka inda ciwon yake. Bari mu ce manhajar ta ari haɗi, sannan ta kira kamfanin biyan kuɗi ta intanet tana jiran amsa na sakan 2 kafin ta mayar. Biya 50 a sakan kacal zai cinye haɗi 100, kuma duk tsawon lokacin rumbun ba ya yin komai. Babu girman taskar da zai magance wannan. Gyaran yana cikin rubutun manhaja: a rubuta abin da za a rubuta, a mayar da haɗi, a kira waje, amsa ta dawo a sake ara.

Inda wannan hanyar ke yaudarar mutane shi ne ninkawa. Kowace taska a karan kanta ƙarama ce. HikariCP, wanda Spring Boot ya ɗauka a matsayin nasa tun sigar 2.0, yana zuwa da 10. Na node-postgres, na masu JavaScript, ma 10 ne. SQLAlchemy na masu Python yana zuwa da 5, da ƙarin 10 idan an matsu, wato 15. Amma taska ta firoses ɗaya ce. Manhajar Python da ke gudu da ma'aikatan Gunicorn 4, wato firoses 4, a kan kowanne daga cikin inji 6 tana da taska 24, kowacce na iya kaiwa 15, jimla 360. Ba wanda ya zauna ya zaɓi 360. Ka ƙara da masu aikin bayan fage, ka ƙara da lokacin sakin sabuwar siga da tsofaffin kwafi da sababbi ke raye tare na ɗan lokaci. Idan kuma tsarinka na ƙara kwafi da kansa idan nauyi ya ƙaru, to daidai lokacin da rumbun ke nishi ne ake turo masa sababbin baƙi. Masu Go su yi hattara ta wata fuskar: `database/sql` ba shi da iyakar haɗi ko kaɗan sai ka sa da `SetMaxOpenConns`, kuma 2 kawai yake ajiyewa a zaune, don haka a cunkoso yana buɗewa yana rufewa ba ƙaƙƙautawa.

Lissafin da ya kamata ya tafi ne daga rumbu zuwa manhaja. Ka fara da abin da rumbun zai iya ɗauka, ka cire na masu kula da na aikin kwafe bayanai, ka raba sauran da mafi yawan kwafin da za su taɓa kasancewa a raye. Idan amsar ta fito 8 ko 10 ga kowanne, wannan hanyar ta ishe ka, kada ka ƙara wa kanka wata na'ura. Idan ta fito 1 ko ƙasa da haka, ka wuce gurinta.

Abu biyu kuma game da saitin taskar. Na farko, shin ta tsaya a girma ɗaya ko ta riƙa kumbura tana sacewa? Masu HikariCP sun ba da shawarar a bar ta a tsaye, kuma ina tare da su ga manhajar da ke da rumbunta ita kaɗai. Buɗe sabon haɗi yana da tsada: haihuwar firoses, musayar TLS, tantance kalmar sirri ta SCRAM wadda da gangan aka yi ta da nauyi. Mafi munin lokacin biyan wannan kuɗin shi ne lokacin da jama'a suka auko. Taska mai sacewa ta fi dacewa inda ƙananan manhajoji da yawa ke raba rumbu ɗaya, kowacce da lokacin da take tashi. Na biyu, wa'adin jira. HikariCP da SQLAlchemy duka sakan 30 suke ba mai jiran haɗi, node-postgres kuma ba shi da wa'adi sai ka sa. Mutumin da ke riƙe da waya ba zai jira sakan 30 ba. Zai sake danna maɓallin sau uku, kowane danni kuma sabuwar buƙata ce a bayan wadda ya riga ya yi watsi da ita. Sakan 2 zuwa 5 ya fi, a gaya masa da wuri cewa akwai cunkoso, layin ya samu ya numfasa.

Masu zaman kashe wando iri biyu ne

Kafin ka zaɓi komai, ka buɗe rumbun a lokacin cunkoso ka tambaye shi:

`SELECT state, count(*) FROM pg_stat_activity GROUP BY state;`

Amsar ce za ta gaya maka irin ciwon da kake da shi. Idan ka ga `active` 12 da `idle` 85, rumbun lafiyarsa ƙalau, kujeru ne kawai suka ƙare. Idan `active` ne suka yi yawa, tambayoyinka ne ke da nauyi ko suna jiran kulle. Idan kuwa ka ga `idle in transaction` sun kai goma ko ashirin, ka ajiye maganar girman taska tukuna, ga inda wutar take.

`idle` haɗi ne da ya gama aikinsa yana jiran na gaba. Haka taska take, ba laifi ba ne. `idle in transaction` kuwa haɗi ne da ya ce `BEGIN`, wato ya buɗe tiransakshan (dunƙulen aikin da ake tabbatarwa ko sokewa gaba ɗaya), ya yi wani abu, sannan ya yi shiru bai ce `COMMIT` ya tabbatar ba bai ce `ROLLBACK` ya soke ba. Duk kullen da ya ɗauka yana hannunsa. Idan ya rubuta wani abu, VACUUM, mai sharar rumbun, ba zai iya share matattun bayanan da suka taru tun daga lokacin ba, a duk faɗin rumbun, teburori su yi ta kumbura, tambayoyi su yi ta nauyi.

Ga yadda yake kayar da shafi, kuma yana faruwa sau da yawa. Wani ma'aikaci ya buɗe manhajar duba rumbu a kwamfutarsa, wadda aka saita ba ta rufe tiransakshan da kanta, ya duba teburin oda, ya tashi ya tafi cin abinci. Kullen da ya riƙe mai sauƙi ne, ba ya hana kowa karatu ko rubutu. Can sai aka saki sabuwar siga mai `ALTER TABLE`, umarnin sauya fasalin tebur, a kan teburin nan. Wannan umarnin yana buƙatar teburin ya zama nasa shi kaɗai, don haka ya tsaya jiran mai cin abinci. Duk tambayar da ta zo bayansa, ko da karatu ne kawai, sai ta tsaya a bayansa. Cikin 'yan sakanni taskokin duka sun cika, shafi ya tsaya cak, CPU na rumbun kuma yana nuna kusan babu aiki. Wanda bai san wannan ba zai ƙara haɗi, sababbin su ma su shiga layin. Maganin a wannan lokacin shi ne `pg_blocking_pids` ya nuna maka mai riƙe da kullen, ka kore shi da `pg_terminate_backend`. `pg_cancel_backend` ba zai yi komai ba, don babu tambayar da ke gudu da zai soke.

Ba mutane kaɗai ke jawo shi ba. psycopg2, direban da ke haɗa Python da PostgreSQL, yana buɗe tiransakshan da kansa daga tambayar farko, ko da `SELECT` ce, kuma yana nan a buɗe har sai an rufe. Rubutun da ya karanta jeri ɗaya sannan ya shiga aikin awa guda yana riƙe da ita duk tsawon awar.

A nan ba na jin akwai abin muhawara: ka sa `idle_in_transaction_session_timeout`, wa'adin da idan irin wannan haɗin ya wuce shi rumbun zai yanke shi. Yana nan tun PostgreSQL 9.6 na 2016, amma a kashe yake zuwa. Ga asusun manhajar yanar gizo, sakan 30 zuwa minti ɗaya ya wadatar, duk abin da ya wuce haka kuskure ne a rubutu wanda gara ya fito fili. Ka sa shi da `ALTER ROLE` a kan kowane asusu, don mai aikin rahoton dare ya samu wa'adin da ya fi tsawo. Ka haɗa da `statement_timeout`, wa'adin kowace tambaya, sannan duk rubutun da ke sauya fasalin tebur ya fara da `lock_timeout`, wa'adin jiran kulle, na 'yan sakanni, ya haƙura ya sake gwadawa maimakon ya tare hanya. PostgreSQL 17 na 2024 ya ƙaro `transaction_timeout`, wanda ke kama tiransakshan da ke ta aiko ƙananan tambayoyi ba ta taɓa yin shiru har wancan wa'adin ya kama ta ba.

`idle_session_timeout` da ya zo a siga ta 14 kuwa, labarinsa daban. Yana korar `idle` zalla, kuma takardun PostgreSQL da kansu sun yi gargaɗi kan sa shi a haɗin da ke bi ta taska. Rumbun zai yanke haɗin, taskar ba ta sani ba, ta miƙa gawar ga buƙata ta gaba, mai amfani ya ga kuskure. Wurinsa shi ne asusun mutane masu buɗe psql, manhajar rubuta wa rumbu umarni da hannu, su manta da shi har kwana uku. Na manhaja, a bar wa taska ta yi ritayar haɗinta da kanta.

Akwai kuma mai yankewa a ɓoye: na'urorin da ke tsakani. NAT Gateway na AWS yana manta haɗin da ya yi shiru na sakan 350, ma'aunin raba nauyi na Azure yana zuwa da minti 4, shi kuwa Linux sai bayan awa 2 yake fara tambayar ko ɗaya ɓangaren na raye. Alamar wannan ciwon ita ce kuskure a buƙatun farko na safiya, ko bayan an ɗan yi shiru. Ƙa'idar ita ce taskarka ta riga kowa: ko dai `maxLifetime` na HikariCP, wanda asalinsa minti 30 ne, ya gaza wa'adin na'urar da ke tsakani, ko ka sa `keepaliveTime` ya riƙa taɓa haɗin kafin a manta da shi. A SQLAlchemy `pool_recycle` da `pool_pre_ping` ne ke wannan aikin. Masu MySQL sun san irinsa da saƙon `MySQL server has gone away`, wanda sau da yawa `wait_timeout` na awa 8 ne ke jawo shi.

Hanya ta uku: PgBouncer a tsakani

PgBouncer daga Skype ya fito a 2007, kuma har yau shi ne abin da aka fi sawa a gaban PostgreSQL. Manhajoji suna haɗuwa da shi, yawanci a tashar 6432, kamar shi ne rumbun. Kowane haɗi yana cin masa kusan 2kB, don haka dubbai ba sa damunsa. Shi kuma yana riƙe 'yan haɗi na gaske zuwa rumbun, 20 ga kowane asusu da rumbu idan ba ka canza ba. Layin da da ya warwatsu a taska 24 ya dawo wuri ɗaya, inda ake iya ƙirga shi: `SHOW POOLS` zai nuna maka `cl_waiting`, yawan masu jira, da `maxwait`, daɗewar wanda ya fi kowa jira.

Sai dai ribar tana ga yanayin da ka zaɓa. Yana zuwa a yanayin `session`, inda kowane baƙo ke riƙe haɗin gaske har ya tafi. Idan manhajarka na da taskar da ba ta sakin haɗi, wannan yanayin bai rage maka komai ba. Yanayin `transaction` ne ke yin abin mamakin: ana ba ka haɗin gaske daga `BEGIN` zuwa `COMMIT`, ka gama a ba wani. Da shi baƙi 2000 za su iya raba haɗi 25.

Kuɗin da za ka biya shi ne duk wani abu da ke dogaro da cewa haɗin naka ne har gobe. `SET`, umarnin sauya saitin haɗi, da ka yi a wajen tiransakshan yana manne wa haɗin gaske, ya bi wanda aka ba bayanka. Ka yi tunanin manhajar da ke raba abokan ciniki ta hanyar `SET search_path`, wanda ke zaɓar rukunin teburorin da tambaya za ta duba: idan ba a yi shiri na musamman ba, buƙatar wani kamfani za ta iya faɗawa cikin teburin wani. Wannan ya wuce jinkiri, tonon asiri ne, kuma ba ya nuna kansa a gwajin da mutum ɗaya ke yi a kwamfutarsa. `SET LOCAL` a cikin tiransakshan shi ne mafita. `LISTEN`, umarnin jiran sanarwa daga rumbu, ba ya aiki. Kullen shawara, wanda manhaja ke ɗauka da kanta, irin na zaman haɗi ba ya aiki, sai irin na tiransakshan, `pg_advisory_xact_lock`, kuma kayan sauya fasalin rumbu irin na Rails da wancan na farkon suke amfani, don haka su a haɗa su kai tsaye da rumbun a tashar 5432. Django na buƙatar `DISABLE_SERVER_SIDE_CURSORS`. Shiryayyun tambayoyi sun daɗe suna zama babban ciwon kai, har sai da siga ta 1.21 ta PgBouncer ta fito a Oktoban 2023 da `max_prepared_statements`. Ta magance waɗanda direba ke shiryawa ta ƙa'idar sadarwa, ban da wanda ka rubuta `PREPARE` da hannunka.

Abin da nake so ya zauna a ran duk mai shirin sa shi: PgBouncer ba ya warkar da `idle in transaction`. Tiransakshan da ke buɗe tana riƙe da haɗin gaske. Da haɗi 25 kacal, ashirin da biyar masu jiran amsar kamfanin biyan kuɗi sun isa su tsayar da kowa, har ma da sauri fiye da da. Wanda bai gyara wancan ba ya sa wannan, ya matsar da ciwon ne kawai zuwa inda ya fi zafi.

Sannan na'ura ce da za ka kula da ita. Zare ɗaya yake gudu a kai, kor ɗaya yake iya ci, idan ya cika sai ka tayar da kwafi da yawa da `so_reuseport`, kuma kowane kwafi da tasa taskar, ninkawa ta dawo. Idan ya faɗi kowa ya faɗi. `query_wait_timeout` ɗinsa sakan 120 ne, ya yi tsawo ga shafin da mutane ke jira. Akwai wasu a fagen, Odyssey na Yandex mai zare da yawa, PgCat, da Supavisor na Supabase, amma tambayoyin da za ka yi musu iri ɗaya ne. Wanda ke kan AWS kuma ba ya son ɗawainiya yana da RDS Proxy, a biya kuɗi a huta. A lura dai yana da ɗabi'ar manne baƙo da haɗi ɗaya da zarar ya ga abin da ba zai iya rabawa ba, kamar wasu `SET` ko teburin wucin gadi. Ya fi aminci, amma idan yawancin haɗinka sun manne, kana biyan kuɗin abin da ba ya yi maka aiki. Ma'aunin `DatabaseConnectionsCurrentlySessionPinned` ne zai gaya maka.

To wanne?

Yawan firoses ɗin da ke magana da rumbun shi ne alƙali. Manhajar Java, Go ko .NET mai kwafi biyu zuwa shida, wadda firoses ɗaya ke ɗaukar buƙatu da yawa, taskar cikin gida ta ishe ta. Ka tsayar da ita a ƙaramin adadi, jimlar ta zauna ƙasa da `max_connections` da sarari, ka huta da ƙarin na'ura. Manhajar PHP da ke buɗe haɗi a kowace buƙata, ko Python da Ruby masu ma'aikata barkatai, ko kwafin da ke ƙaruwa da kansu, ko ƙananan ayyuka irin na Lambda na AWS da kowanne ke tashi da nasa haɗin, waɗannan babu wata taska guda da ke ganin jimlar, don haka PgBouncer a yanayin `transaction` ko makamancinsa ya zama dole. Django 5.1 na 2024 ya kawo taska ta cikin gida ga masu psycopg 3, abin farin ciki ne, amma ita ma ta kowane firoses ce, ba ta cire ninkawa ba. Ɗaga `max_connections` kuwa na wanda ya duba ya ga kujeru ne suka ƙare, RAM na nan, `active` ba su da yawa, kuma akwai wani abu a gaba da ke hana su yawaita.

Ko wacce ka ɗauka, kada rahoton da ke cin minti biyu ya sha daga taska ɗaya da biyan kuɗin da ke cin milisakan biyar. Ka ba rahoto nasa asusun da tasa taskar ta haɗi 3 ko 4, idan ta cika ya jira shi kaɗai. Adadin ƙarshe kuma gwaji ne zai ba ka: ka sa `pgbench`, manhajar gwajin nauyi ta PostgreSQL, da tambayoyin manhajarka na gaske, ka fara da haɗi 8, ka je 16, 32, 64, kana duba yawan tiransakshan a sakan tare da lokacin amsa. Za ka kai inda na farkon ya daina hawa na biyun ya ci gaba. Ka sa taskarka kaɗan ƙasa da wurin, sannan ka tabbatar manhajar ba da asusun babban mai kula take shiga ba, don kujeru ukun nan da aka keɓe su ne za ka shiga da su ranar da sauran suka cika.